Dafin kwaɗo da alamar kasuwanci: Abin da doka ta ce game da raɗa wa kayan maye suna

A ƙarshen shekarar 2022 Hukumar Kula da Gandayen Dajin Amurka ta wallafa wata sanarwa a shafinta na Facebook, tana roƙon masu ziyartar gandayen da su guji lasar kwaɗi. Jama'a da dama sun ɗauki maganar a matsayin raha, kafofin yaɗa labarai kuma suka yi ta yayata ta, amma batun da ta ƙunsa ba na wasa ba ne.

Kwaɗon da ake magana a kansa yana rayuwa ne a Hamadar Sonora, wadda ta ratsa arewa maso yammacin Meziko da kudancin jihar Arizona ta Amurka. Tsawonsa kan kai santimita 18. Yana shafe galibin watannin shekara a ƙarƙashin ƙasa, sai damina ta faɗi yake fitowa. A bayan idanunsa akwai wasu ƙullutai da ke fitar da farin dafi mai kauri, wanda ƙarfinsa ya isa ya kashe babban kare. A cikin wannan dafi ne ake samun sinadarin 5-MeO-DMT, mai fitar da mutum daga hayyacinsa cikin 'yan daƙiƙu, ko da yake mayen ba ya wuce rabin sa'a a mafi yawan lokuta. Dafin yana kuma ɗauke da wasu sinadarai masu dagula bugun zuciya, shi ya sa lasar da hukumar ta yi gargaɗi a kanta ta fi kusa da kai mutum asibiti fiye da sa shi maye.

Masana kimiyya a Japan sun haɗa sinadarin a ɗakin gwaje-gwaje tun 1936, shekaru da dama kafin a gano cewa akwai shi a jikin kwaɗo. Wani ɗan ƙaramin littafi da aka buga a jihar Texas a 1984 ne ya fara tallata dafin ga masu neman maye. Daga baya shahararrun mutane, ciki har da tsohon zakaran damben zamani Mike Tyson, suka fito fili suna yabonsa, sai kasuwa ta buɗe. A yau akwai cibiyoyi a Meziko da wasu ƙasashe inda baƙi ke biyan maƙudan kuɗi domin a ba su dafin da sunan warkar da damuwa. An kuma samu asarar rai: a 2019 wani mai ɗaukar hoto ya mutu a yankin Valencia na Sifaniya bayan an ba shi dafin a wani taro irin wannan. Shi ma kwaɗon yana ɗanɗana kuɗarsa. Rabon da a gan shi a Kalifoniya tun shekarun 1970, jihar New Mexico kuma ta sanya shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazana.

Duk inda kasuwa ta buɗe, 'yan kasuwa kan so su raɗa wa hajarsu suna domin mai saye ya bambanta ta da ta wasu. Wannan shi ne aikin alamar kasuwanci: suna, ko tambari, ko zane, da ke shaida cewa kaya daga hannun wane suka fito. Idan aka yi wa alamar rajista, mai ita yana da ikon maka duk wanda ya kwaikwaye ta a kotu. A nan ne gizo ke saƙar ga masu sayar da dafin kwaɗo.

Tun watan Janairun 2011 gwamnatin Amurka ta sanya 5-MeO-DMT a rukuni na ɗaya na dokar miyagun ƙwayoyi ta 1970, wato rukunin da hodar iblis ma ba ta kai gare shi ba, inda ake ajiye abubuwan da ake ganin ba su da wani amfani da likitoci suka amince da shi. Ofishin rajistar alamomin kasuwanci na ƙasar kuwa yana da tsohuwar ƙa'ida da ya gina a kan dokar Lanham ta 1946: ba a yi wa alama rajista sai ana amfani da ita a cinikin da doka ta halatta. Kayan da dokar tarayya ta haramta sayarwa ba su da hanyar cika wannan sharaɗi, komai kyawun sunan da aka zaɓa musu.

Shari'o'in tabar wiwi ne suka fi fayyace yadda ƙa'idar ke aiki, domin wiwi ta daɗe a irin wannan matsayi. A 2016 kwamitin ɗaukaka ƙara na ofishin ya ƙi amincewa da rajistar sunan Herbal Access ga wani shago a jihar Washington. Mai shagon ya rubuta a takardarsa cewa ganyayyaki yake sayarwa, amma hotunan shagon da shafinsa na intanet suka nuna cewa wiwi na ciki. Jihar Washington ta riga ta halatta wiwi a lokacin, sai dai kwamitin ya ce rajistar ta tarayya ce, don haka dokar tarayya za a duba.

Shari'ar da ta fi ɗaukar hankali ita ce ta sunan Kiva. Wani kamfani a Kalifoniya ya fara sayar da cakulan mai haɗe da wiwi da wannan suna tun 2010. Bayan wasu shekaru wani kamfanin kayan abinci ya ɗauki sunan, ya kuma yi masa rajista. Da rikici ya kai gaban kotun tarayya, kamfanin cakulan ya kafa hujja da cewa shi ya riga amfani da sunan, hujjar da a galibin lokuta ke ba mai ita nasara a Amurka. A 2020 kotu ta yi watsi da wannan hujja, tana mai cewa cinikin da aka yi ba bisa doka ba, ba ya haifar da wani haƙƙi a ƙarƙashin dokar tarayya. Shekarun da kamfanin ya shafe yana gina sunansa ba su shiga lissafi ba.

Idan haka ta faru da kamfanin da jiharsa ta ba shi lasisi, ana iya hasashen makomar mai sayar da dafin kwaɗo. Idan wani ya saci sunansa, ya zuba abin da ya ga dama a kwalba ya sayar, ba shi da bakin kai ƙara. Wasu masana shari'a na ganin wannan a matsayin rauni a tsarin, domin ɗaya daga cikin amfanin alamar kasuwanci shi ne ta sa mai kaya ya ji tsoron zubar da sunansa, kuma kasuwar da babu mai sunan da zai kare ita ce ta fi cika da algus. Hujjar tana da nauyi. Sai dai da wuya a ga yadda gwamnati za ta ɗaure mutum saboda sayar da kaya, sannan wani ofishinta ya ba shi takardar mallakar sunan kayan. Dabarar da 'yan kasuwar wiwi suka koma yi ita ce yi wa sunan rajista a kan riguna, da huluna, da littattafai, suna jiran ranar da doka za ta sauya. Irin wannan rajista tana kare rigar ne kawai.

Akwai abin lura a nan. Amurka ba ta hana rajista don suna ya saɓa wa tarbiyya. A 2019 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Brunetti, ta soke sashen dokar da ya hana rajistar alamomin batsa ko na rashin ɗa'a, bisa dalilin cewa ya tauye 'yancin faɗar albarkacin baki. Halaccin kayan ake dubawa. Tarayyar Turai kuwa ta bi wata hanya dabam. A watan Disambar 2019 kotun tarayyar ta goyi bayan ƙin rajistar wata alama mai ɗauke da zanen ganyen wiwi da kalmomin Cannabis Store Amsterdam, alhali kayan da aka nemi rajistar dominsu abinci ne da abin sha da hidimar gidan abinci, waɗanda babu dokar da ta hana. Kotun ta ce alamar da kanta ta ci karo da tsarin zaman jama'a, tun da ƙasashe da dama na tarayyar suna yaƙi da wiwi. A watan Afrilun 2024 ta yanke irin wannan hukunci a kan sunan Pablo Escobar, ƙasurgumin dillalin hodar iblis na Kolombiya.

Yarjejeniyar Paris ta 1883, wadda Najeriya ma ta shiga, ta ce bai kamata nau'in kaya ya zama dalilin hana rajistar alama ba, amma ta bar wa ƙasashe damar ƙin alamar da ta saɓa wa ɗa'a ko zaman lafiyar jama'a. Ta wannan ƙofa ce Turai ta bi.

Kwaɗon Sonora ba shi kaɗai ne dabbar da ake dangantawa da maye ba. A gaɓar Baƙin Teku ta Turkiyya da tsaunukan Nepal, ƙudan zuma da ke tsotsar furen wani tsiro mai suna rododendiron suna samar da zumar da Turkawa ke kira deli bal, wato zumar hauka. Tana sa jiri, ta saukar da hawan jini fiye da kima, ta rage bugun zuciya. Marubucin Girka Xenophon ya ba da labarin yadda ta kayar da sojoji a kusa da Trabzon a shekara ta 401 kafin haihuwar Annabi Isa. Akwai kuma wani kifi a Tekun Bahar Rum, Sarpa salpa, wanda wani rahoton likitoci na 2006 ya bayyana yadda ya sa wani mutum gane-gane na kusan sa'o'i 36. Gubar zumar ba ta cikin jerin miyagun ƙwayoyin Amurka, saboda haka ake ganin ta a intanet da sunaye da tambura iri-iri. Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin ƙa'idar halaccin ciniki ta haɗa har da dokar abinci da magunguna. A 2020 kwamitin ɗaukaka ƙara ya ƙi rajistar alamar CW ga wani man da aka tatsa daga dangin wiwi, saboda sayar da shi a matsayin ƙarin abinci ya saɓa wa waccan doka. Mai zumar da ya rubuta a kwalbarsa cewa tana warkar da cuta yana iya faɗawa irin wannan tarko.

Hanya ɗaya ce a buɗe sosai, ita ce ta kamfanonin magunguna. Kamfanin GH Research da ke Dublin da Beckley Psytech na Birtaniya sun yi gwaje-gwajen asibiti a kan 5-MeO-DMT da aka haɗa a ɗakin gwaji, domin masu ciwon tsananin damuwa da sauran magunguna suka gaza yi musu aiki. Ba a buƙatar taɓa ko kwaɗo ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta ba sinadarin sunan magani na bai ɗaya, mebufotenin, kuma irin waɗannan sunaye mallakar kowa ne, babu kamfanin da zai riƙe su shi kaɗai. Idan hukumomi suka amince da maganin, kamfani zai ƙirƙiro nasa sunan ya yi masa rajista. An ga haka a 2018, lokacin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, maganin farfaɗiya da aka samo daga wiwi. An kuma ga haka da wata dabbar ta Hamadar Sonora: daga nazarin dafin wani ƙadangare mai suna Gila aka samar da maganin ciwon sukari Byetta, wanda aka amince da shi a 2005.

A Najeriya, Dokar Alamomin Kasuwanci ta 1965 ce ke aiki, ofishin rajistar kuma yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Sashe na 11 ya hana rajistar duk abin da zai yaudari jama'a, ko ya saɓa wa doka ko ɗa'a, da duk wani zane na abin kunya. Sashe na 12 ya hana mutum mallakar sanannen sunan wani sinadari a matsayin alamar kayan sinadarai. Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, sannan a riƙa sabunta ta duk bayan shekara 14.

Maye da abin da ya fito daga jikin dabba ba baƙon labari ba ne a ƙasar nan, domin an sha jin jami'an hukumar NDLEA suna kokawa kan matasan da ke amfani da kashin ƙadangare. Wannan ba hajar da ake sa wa tambari ba ce. Babbar matsalar Najeriya ta fi karkata ga kayan da suke da suna, da kwali, da tambari. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda. Magungunan tari masu kodin da Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigowa da su a watan Mayun 2018 suna ɗauke da sunayen kamfanoni a jikinsu.

Wannan ne ya sa ya kamata mai saye ya san ma'anar abin da yake gani a jikin kwalba. Haruffan TM kowa na iya bugawa ba tare da ya je wani ofishi ba. Harafin R da ke cikin da'ira yana nufin an yi wa sunan rajista, kuma laifi ne mutum ya yi iƙirarin rajistar da bai yi ba. Amma jami'in da ya ba da takardar suna ya duba, bai buɗe kwalbar ba, ba kuma aikinsa ba ne ya buɗe. Gwada abin da ke ciki aikin hukumar NAFDAC ne, wadda kan nemi shaidar mallakar suna a cikin takardun da ake gabatar mata, sannan ta yi nata binciken kafin ta ba da lambar da ake bugawa a jikin kaya.