Sukur: Ƙauyen Da Ke Noma A Kan Dutse

'Yan'uwa manoma, yawancinmu mun saba da gonar fili, inda garmar shanu take shiga ta fita ba wahala. A wannan fitowa mun ɗauko muku labarin waɗansu manoma waɗanda ba su da fili ko kaɗan, sai dutse. Sunan ƙauyensu Sukur. Yana cikin duwatsun Mandara, a Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru. Tsayin wurin ya haura mita 1,000. Mutanen suna da harshensu, ana ce da shi Sakun, sarkinsu kuwa ana ce masa Hidi.

Mota tana tsayawa ne a gindin dutse. Daga nan sai ƙafa. Hanyar da ake bi kakanninsu ne suka shimfiɗa ta da manyan duwatsu masu faɗi, inda hawa ya yi tsanani kuma suka jera su kamar matakala. Hanya ce mai kyau ƙwarai, damina ba ta cinye ta. Amma duk buhun da zai hau ko zai sauka, a ka ake ɗaukarsa. Gishiri, kwanon rufi, siminti, duk haka. Mai ciwo kuwa, ko mace wadda haihuwa ta zo mata da gardama, sai an ɗauko ta an sauko da ita kafin a yi zancen mota da asibiti. Wanda bai taɓa zama a bisa dutse ba, da wuya ya gane nauyin wannan abu.

To, yaya ake noma a irin wannan wuri? Ga yadda suke yi. Sukan tsince duwatsun da ke gefen tudu su gina 'yar katanga a gicciye, ba laka ba siminti, dutse bisa dutse kawai. Ƙasar da ruwa yake kwasowa daga sama sai ta taru a bayan katangar, har wurin ya zama shimfiɗaɗɗe. Sa'an nan a gina wata a bisanta, da wata kuma, har gefen dutse ya zama gonaki hawa-hawa. Waɗansu gonakin ba su da faɗi sam, 'yan layuka kaɗan suke ɗauka. Amfanin katangar biyu ne. Tana tare ƙasa kada ta gudu, tana kuma rage wa ruwa gudu domin ya sami damar nutsewa. Da yake ba a liƙe duwatsun ba, ruwan da ya yi yawa yakan tsiyaye ta tsakaninsu, katangar ba ta fashe ba. A nan suke shuka dawa da gero da wake da gyaɗa. A wurare da yawa cikin duwatsun Mandara, bana dawa, baɗi gero, ba a maimaita iri ɗaya a gona kowace shekara.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne sha'anin taki. Ƙasar dutse ba ta da zurfi, in ba a ciyar da ita ba, ba za ta ciyar da kowa ba. Saboda haka mutanen Sukur sukan gina wa sa ɗaki na dutse a cikin gida, mai zurfi kamar rami. A ciki ake turke shi, a kawo masa ciyawa da ruwa har ya yi ƙiba. Naman na biki ne, san kuma dukiya ce da ake ji da ita wajen aure. Kashin da ya taru a ramin kuwa gona ake kai shi. Watau sa ɗaya yana aiki biyu bai fita ƙofar gida ba. Mu da muke barin dabbobinmu su watsar da taki a daji, sa'an nan mu bi layi muna neman na buhu da tsada, lalle akwai abin dubawa a nan. Rumbunansu da masussukansu su ma a cikin shingen dutse suke.

Kada wani ya zaci tun fil azal Sukur wuri ne na talauci. A da, ƙarfe ne arzikinsu. Akan tara baƙin yashi mai tama daga cikin rafuffuka, a ƙona gawayi, a narka tamar a tanderu da zugazugi. Fatake sukan hau dutsen su sayi ƙarfe su kai ƙasar Borno da waɗansu wurare, a ƙera fartanya da gatari. Daga 1912 zuwa 1922 Hamman Yaji, Lamiɗon Madagali, ya yi ta kai musu hari yana kama bayi, har Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927. Amma abin da ya kashe sana'ar ba yaƙi ba ne. Ƙarfen Turai ne, da tsofaffin ƙarafan mota masu araha, suka cika kasuwa. Kafin 1960 ta wuce wutar tanderun ta mutu. Da ciniki ya tafi, da kuma tsoron hari ya ragu, mutane da yawa suka gangara ƙasa inda noma ya fi sauƙi, kasuwa da makaranta kuma suna kusa. Shi ya sa ake zancen Sukur Sama da Sukur Ƙasa.

A nan ne damuwar take. Gonar hawa-hawa hannu take ci. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an bi katangun an mayar da duwatsun da suka zube. In aka bar ɗaya ta karye, ruwa yakan sami ƙofa, ya faɗa wa ta ƙasa da ita, ita ma ta tafi. Aikin da kakanni suka yi shekara da shekaru suna tarawa, damina kaɗan sun isa su kwashe shi. Ga shi kuwa samari ne masu ƙarfin ɗaga dutse, su ne kuma suke fara tafiya. Ba mu ga laifinsu ba. Yaron da ya ga ana ɗaukar mahaifiyarsa a kafaɗa zuwa gindin dutse, ba za a tsare shi a sama da zancen al'ada kawai ba.

A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na fari a Nijeriya. An yaba gidan Hidi, da hanyoyin dutse, da gonakin, da kufan tanderu. Suna ya fita, baƙi suka riƙa zuwa. A ganinmu suna kaɗai ba ya haƙa rijiya, ba ya kuma zaunar da malamin asibiti a ƙauye.

Sai kuma masifa ta zo. A 2014 'yan Boko Haram suka kama Madagali, a ƙarshen shekarar suka hau har Sukur. Suka ƙone gidaje da hatsi, suka lalata wani sashe na gidan Hidi, suka kore dabbobi. Soja sun karɓe Madagali a 2015. Mutane suka koma suka sake rufin ɗakuna da ciyawa, gama bangon dutse wuta ba ta cinye shi ba. Rufi aikin kwanaki ne. Amma manomin da aka kore masa sa, an raba shi da takin gonarsa ke nan, kuma kafin ya tara kuɗin wani maraƙi, ya hau da shi dutse, ya turke shi har ramin ya sake cika, sai an yi damina da dama.