Jamie Vardy: Daga ƙananan rukunai zuwa kofin Firimiya

A gidajen kallon ƙwallo na Jega da Aliero da Maiyama a jihar Kebbi, wasannin Firimiya ne kan tara matasa a ƙarshen mako. Sai dai ƙungiyoyi 20 da suke kallo su ne kawai ƙololuwar tsarin ƙwallon ƙafa na Ingila.

A ƙasan Firimiya akwai rukunai uku masu ƙungiyoyi 24 kowanne. Daga nan kuma sai ƙananan rukunai, inda akasarin 'yan wasa ke haɗa taka leda da wata sana'ar. Ƙungiyar da ta yi zarra takan hau, wadda ta gaza kuma ta sauka.

Daga can ƙasa Jamie Vardy ya taso. An haife shi a birnin Sheffield a 1987, kuma yana ɗan shekara 16 ƙungiyar Sheffield Wednesday ta sallame shi.

Ya koma Stocksbridge Park Steels, inda ya buga a mataki na takwas, ana biyansa fam 30 a mako. Da rana yana aiki a masana'antar da ke ƙera kayan tallafe karaya, aikin da ba zai zama baƙo ga mutanen Aliero ba, garin da ya yi suna wajen ɗori.

A 2010 ya koma Halifax, bayan shekara guda kuma Fleetwood ta ɗauke shi, inda ya ci ƙwallaye 31 a gasar mataki na biyar. Wannan ne ya sa Leicester City ta saye shi a kan fam miliyan 1 a 2012, yana da shekara 25.

A watan Nuwamban 2015 ya kafa tarihin cin ƙwallo a wasannin Firimiya 11 a jere, a 2016 kuma Leicester ta ɗauki kofin. Ya zama zakaran cin ƙwallaye a 2020 da ƙwallo 23. Ya bar ƙungiyar a 2025 bayan ya ci ƙwallo 200 a wasa 500.

A Leicester ɗin ne ya haɗu da Ahmed Musa, wanda shi ma a gida ya fara yin suna. Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallaye 18 a kakar da ta ƙare a 2010, ya wuce Holand, sannan Rasha, kafin ya isa Ingila a 2016. Bai samu gurbi na dindindin a Leicester ba, kuma ya bar ta a 2018.

Najeriya ma tana da nata matakan: gasar NPFL a sama, NNL a ƙasanta, sai NLO. Ta nan ne ake sa ran yaron da ke wasa a filin makaranta a Maiyama zai bi har a san shi.

Abin lura a tarihin Vardy shi ne bai tsallake mataki ta hannun dillalin da ke neman kuɗi tun kafin gwaji ba. Ƙwallayen da ya ci a wasannin da aka rubuta sakamakonsu ne suka ja hankalin masu farautar 'yan wasa, kuma bai ajiye sana'arsa ba sai da ƙwallo ta fara ciyar da shi.