Sunayen Ɓangarori da Matsalar Ɗebewa a Lissafin Hausa

Hausa ta aro yawancin sunayen ɓangarori daga Larabci, tun daga sulusi (1/3) da rubu'i (1/4) har zuwa ushiri (1/10). Kowane suna yana ɗauke da lambar ƙasa a cikinsa. Idan za a ɗebe sulusi daga rabi, sai a mayar da su jinsi guda: rabi sudusi uku ne, sulusi kuwa sudusi biyu, saura sudusi ɗaya. Amma in aka ɗebe rubu'i daga sulusi, wato 4/12 − 3/12, saura 1/12, wanda ba shi da sunan kansa, domin jerin ya tsaya a ushiri. A nan tilas a koma ga sigar "ɗaya bisa goma sha biyu". Saboda haka ita ya kamata littattafan firamare su ɗauka a matsayin ginshiƙi.