Cigiyar Da Ba Ta Tsufa: Neman Dangin Da Aka Rabu Da Su Tun Ƙuruciya

Duk mai sauraren rediyo ta san yadda cigiya take. A faɗi sunan yaro da shekarunsa, da kalar rigar da ya fita da ita, a ce wanda ya gan shi ya kai shi gidan mai unguwa. Wannan cigiyar wanda ya ɓata jiya ko shekaranjiya ce, kuma sau da yawa kafin kwana biyu an dace. Akwai wata cigiyar kuma da ba kasafai ake jin ta a rediyo ba, ta mace mai shekara arba'in, da 'ya'yanta har da jika, wadda har yau ba ta san fuskar mahaifiyarta ba. Abin da ta sani kawai shi ne an ce uwar 'yar wajen Gaya ce, ko kuma an ce ta yi aure a Kamaru bayan ta fita daga gidan babanta.

Irin waɗannan mutane suna da yawa a cikinmu, kuma yawancinsu ba yaƙi ne ya raba su da danginsu ba. Aure ya mutu, uba ya karɓe ɗansa cikin fushi, ya hana a ambaci sunan uwar a gidan. An ba gwaggo riƙon yarinya, mijin gwaggon ya tashi zuwa wani gari, zumunci ya yanke. An kai yaro almajiranci yana ɗan shekara shida, malamin ya yi ƙaura ko ya rasu, yaron ya girma bai iya faɗin sunan ƙauyensu daidai ba.

Sai kuma rabuwar da tashin hankali ya jawo. A shekarar 2019 ƙungiyar agaji ta ICRC ta ce mutum kusan 22,000 ne aka kai mata rahoton ɓatansu a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a rajistarta a lokacin, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari yara ne sa'ad da suka ɓata. Zuwa 2022 adadin ya haura 25,000. Yawanci rikicin Arewa maso Gabas ne, inda gari ke watsewa cikin dare, uwa ta bi hanyar Maiduguri, ɗa ya bi ayarin da ya nufi Diffa ko Minawao. Mutanen Kano kuwa ba su manta da watan Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka dawo da yara tara da aka sace aka kai Anambra. An canza musu suna, wasu har Hausar ta kwance musu. A 2021 kotu ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104.

Idan aka koma baya, akwai gidajen da suka rabe tun zamanin kakanni. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar, aka kwaso maza daga zango-zango suka dawo Nijeriya da Nijar, wasu suka bar mata da 'ya'ya a Kumasi da Accra. A Sudan kuma akwai zuriyar waɗanda suka tafi Makka a ƙafa ba su dawo ba, da ta waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno. In kakarki ta taɓa ce miki tana da wa a gabas, kada ki ɗauka tatsuniya ce.

Wata za ta ce tunda an girma an yi iyali, mene ne na tonon abin da ya wuce? A aikinmu na jinya kullum muna cin karo da amsar. Ranar awon farko muna tambayar mai ciki ko akwai hawan jini a danginta, ko ciwon suga, ko sikila, ko haihuwar tagwaye. Ba don cika takarda muke yi ba. Macen da mahaifiyarta ko yayarta ta yi jijjigar ciki, ido biyu muke sa mata. Na sha ganin wadda za ta sunkuyar da kai ta ce, "Sista, ni ban san kowa a dangin uwata ba." Daga yadda ta faɗa za ki gane ba awon ne ya dame ta ba. Ga kuma batun gado, da wanda ya fi shi nauyi, wato mutum ya san muharramansa don kada wata rana 'ya'yan uwa ɗaya, ko waɗanda suka sha nono ɗaya, su haɗu a wani gari su yi aure cikin rashin sani.

Nema daga cikin gida yake farawa, wajen tsofaffin mata. Maza sun fi riƙe sunan gari da sunan uba, amma wa ya auri wa, wa ta yi wankan jegon wa, wa aka kai yaye gidan wa, wannan kundin yana hannun kakanni da gwaggwanni da tsohuwar ungozomar unguwa. Ki je musu da ladabi da ɗan goronki, kada ki je da tuhuma, don wanda ya ji ana neman ɗora masa laifi bakinsa rufewa yake. Ki nemi izini ki naɗi muryarsu a waya, saboda abin da kika ɗauka surutu ne yau, gobe shi zai zama hanya.

A nan ne za ki gamu da babbar matsalarmu, wato suna. Mu mutane ne masu alkunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mata ba ta kiran sunan miji, wanda aka yi wa takwara da kaka sai ya tashi da Abba ko Ummi ko Walida har ya tsufa. Ga sunayen rana, Ladi da Talatu da Jummai da Asabe, waɗanda kowace unguwa tana da goma. Sai ki je ƙauye kina neman Hajiya Fatima, alhali duk garin da Ta-Annabi ko Dogara suka san ta, sunan yankan kuwa sai sa'o'inta. Don haka kada ki tsaya a suna ɗaya. Ki tambayi laƙabi, da sunan gidan, da sana'ar gidan, ko maƙera ne ko marina ko mahauta ko sharifai. Ki tambayi ranar da kasuwar garin take ci, da ko akwai gulbi ko dutse ko layin dogo a kusa. Shekaru ma ba da lissafi tsofaffi ke riƙe su ba. Za a ce miki shekarar da aka canza kuɗi, ko shekarar da aka kashe Murtala, ko bayan rikicin Maitatsine. Waɗannan duk ana iya mayar da su lamba: 1973, 1976, 1980.

Shi ma wanda ya ɓata yana da nasa guntayen. Yawancin mutane ba sa tuna abin da ya faru kafin su kai shekara uku ko huɗu, amma wanda ya rabu da gida yana ɗan biyar ko shida yakan riƙe abubuwan da ba a zata ba, kamar rijiya a gindin tsamiya, ko sunan akuya, ko sunan da wata tsohuwa ke tsokanarsa da shi. Kada a gyara masa, kada a cusa masa abin da bai faɗa ba. A rubuta yadda ya fito. Jiki ma yana ba da shaida. Tsohon wanzami yana duban tsaga ya ce wannan ta Gobirawa ce, waccan ta Barebari. Akwai tawadar Allah, da tabon ƙuna, da shasshawa, da cindo. Tabon rigakafi na damtsen hagu dai mutane da yawa suna da shi, ba ya raba gardama.

Idan an samu sunan gari, ƙofar shiga ita ce mai unguwa ko dagaci, sannan limami da shugabannin tashar mota. Kada ki faɗa gidan mutane kai tsaye da labari mai nauyi irin wannan.

Wadda rikici ko gudun hijira ko ambaliya ya raba ta da nata, ta nufi ofishin Red Cross mafi kusa. Za su rubuta bayanin wanda ake nema, su bincika a sansanoni da garuruwa, har da ƙetare ta hannun takwarorinsu na Nijar da Chadi da Kamaru. Ba a biyan ko sisi. Suna da wata takarda da ake rubuta saƙon iyali zalla a kai ta hannu da hannu inda waya ba ta zuwa. In sun samu mutum sai ya yarda kafin su ba da adireshinsa, in yaro ne kuma sai sun tabbatar da dangantakar kafin su miƙa shi. Aikin yana ɗaukar lokaci, don haka in kin canza lamba ko kin tashi daga inda kike, ki koma ki sanar da su. Rigimar riƙon 'ya'ya bayan saki ba hurumin su ba ce, wannan ta kotu ce da manyan dangi.

Facebook da WhatsApp sun haɗa mutane da yawa, ban musa ba. Amma a ganina mun cika sakin baki a can. Mai cigiya za ta zuba hoto da suna da duk tabon da ke jikin yaro, sai ɗan damfara ya kira ya maimaita mata abin da ta rubuta da hannunta, ya ce a turo kuɗin mota. Ki ɓoye alama ɗaya ko biyu da ba wanda ya sani sai na gida, duk wanda ya kira shi zai faɗa miki, ba ke za ki faɗa masa ba. Kada ki je haɗuwar farko ke kaɗai. Haka nan mai cewa ya duba ƙasa ya ga ɗanki a kudu, a kawo baƙin rago, shi ma kuɗinki yake nema.

Kama ta fuska tana ruɗi, musamman ga zuciyar da ta daɗe tana jira. Rukunin jini ma bai isa shaida ba. Yana iya nuna cewa wane ba ɗan wane ba ne, amma ba ya tabbatar da cewa ɗansa ne, don miliyoyin mutane rukuninsu ɗaya. Gwajin DNA ne ke yanke magana. Ana goga auduga a cikin kumatu, ba allura ba ciwo. Ɗa yana ɗaukar rabi daga uwa rabi daga uba, shi ya sa gwaji tsakanin ɗa da mahaifi ko mahaifiya ya fi kowanne ƙarfi. 'Yan uwa ciki ɗaya suna tarayya a kusan rabi, 'yan uba ko kaka da jika a kusan kashi ɗaya cikin huɗu, don haka in iyayen sun rasu gara a gwada mutum biyu ko uku daga dangin. Yana da tsada, a bar shi sai sauran alamu sun haɗu. Kuma in za a kai sakamakon gaban alƙali, a tambayi kotun tun farko inda ta amince a yi.

Ranar haɗuwa akwai kuka da buɗa, amma wahalar tana farawa ne bayan baƙi sun watse. Yaron da aka dawo da shi yana iya ƙin cin tuwon gidan, ya koma fitsarin kwance, ya riƙa kiran wata da Mama a gaban wadda ta haife shi. Ba rashin tarbiyya ba ne, kuma duka ba ya gyara shi. Sau biyu ke nan ana cire shi daga inda ya saba. A bar shi ya saba a hankali, in firgita da rashin barci sun wuce 'yan makonni a kai shi asibiti. Babba kuma yana iya tarar da kabari maimakon uwa, ko ya ji labarin da ya saɓa da wanda aka raine shi a kai, ko 'yan uba su ɗauka gado ya zo ci. Shi ya sa nake ba da shawara a tura dattijo ya fara share hanya, ya faɗi abin da ya kawo mai neman tun kafin ya iso.

Ita kuma matar da ta yi riƙo da gaskiya, ta yi jinyar ƙyanda da zazzaɓi, ta yi kayan ɗaki, a gaya mata tun ranar da aka fara nema, kada ta tsinci labarin a bakin maƙwabta. Sau da yawa ma ita ce ke riƙe da sunan ƙauyen, tana jira ne kawai a tambaye ta.