Ba Kowace Jif Ce Ke Ratsa Laka Ba: Abin Da Masu Mota Suka Koya A Kudancin Kaduna

Garin Kafanchan jirgin ƙasa ne ya raya shi, tun da ya zama mahaɗar hanyoyin dogo a 1927. Amma da harkar jirgi ta yi rauni, sai sufurin mutane da na amfanin gona ya koma bisa hanyar mota, hanyar mota kuwa a wannan yanki ba ta da sauƙi. Ruwa yakan sauka tun daga Afirilu har Oktoba, kuma da zarar an bar kwaltar da ta haɗa Kachiya da Zonkwa da Kafanchan, ko wadda ta bi ta Kagoro da Manchok ta haura Jos, to sai burji da jar laka da kwazazzabai.

Saboda haka ne duk wanda Allah Ya buɗa wa, ma'aikaci ne ko dillalin citta, yakan sa ransa ga matsakaiciyar jif, watau irin su Toyota Highlander da Lexus RX da Honda Pilot da Nissan Pathfinder. Galibinsu na hannu ne, an gama cin ƙuruciyarsu a Amurka kafin su iso Legas.

To, a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Dattawa sun saba da Land Rover ta jami'an gona da ta asibitocin mishan, sun kuma ga Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, saboda haka suna zaton duk mota mai tsayi tana da ƙashin Land Rover. Ba haka ba ne. Highlander, wadda ta fito a shekarar 2000, a bisa ginin Camry aka ƙera ta, haka kuma 'yar'uwarta Lexus RX. Jikinsu da shasinsu a haɗe suke, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su ƙafafun gaba kaɗai ke ja. Motoci ne masu taushi da jimiri a kan kwalta, amma idan mai ita ya loda mata buhunan citta ya nufi gona a watan Agusta, lalle zai nemi samarin ƙauye su tura. Ko da ta fita daga lakar, 'yan robobin ƙafa da shokazoba su ne za su biya bashin. Prado da 4Runner da Pajero kuwa an gina su ne domin wahala, suna da giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja a hankali da ƙarfi, sai dai sun fi shan mai, kuma banda Pajero, wadda aka daina ƙera ta a 2021, sun fi tsada nesa ba kusa ba.

Kanikawa sun san halin kowace. Tsohon injin Toyota mai silinda 6 da ke cikin RX 300 da Highlander ta fari yakan tara daskararren baƙin mai idan aka yi jinkirin juye, kuma yana aiki da tayimin bel wanda dole a canza shi kan lokaci. Injin lita 3.5 da ya biyo baya sarƙa gare shi, ya rage wannan damuwa. Pathfinder ta 2005 zuwa 2010 kuwa an san ta da wata cuta: lagireto ya tsage ta ciki, ruwa ya gauraya da man giya, giyar ta mutu. Mai saye da ya san wannan, man giya zai fara dubawa kafin ya dubi fenti.

Abin da ya sa Toyota ta yi rinjaye a nan ba ƙarfe kaɗai ba ne. Kayan gyaranta suna kusa. Abin da ba a samu a Kafanchan ba, a aika Panteka a Kaduna ko Jos, ya iso a motar haya kafin gobe. Motar da kayanta sai Legas, ko bakanikenta sai Abuja, takan yi makonni a ƙarƙashin mangwaro komai kyanta.

Shekarar 2023 ce ta canza lissafi. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Darajar Naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi. A daminar 2023 ɗin nan ce kuma cutar ruɓa ta afka wa gonakin citta a Kachiya da Jaba da Kagarko, ta cinye kuɗin da a da ake sayen mota da su bayan girbi. Masu silinda 6 da dama sun koma fita da ita ran Lahadi ko Juma'a da ranar biki kaɗai, sauran kwanaki kuwa babur.

Wanda har yanzu yake da niyyar saye, akwai abin dubawa kafin ciniki. Ya leƙa ƙarƙashi ya ga ko akwai sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya, domin rubutun da ke jikin but ana iya liƙa shi. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya nemi tsatsa da busasshen taɓo, gama wasu motocin ambaliya ce ta ci su a Amurka aka yi gwanjonsu. Kada ya gaskata awon tafiya da ke kan allo, don ana mayar da shi baya. Lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17 ita ce za ta nuna tarihin motar a intanet. Sa'an nan ya ɗauki bakanikensa, ba na dillali ba, su hau tudun Kagoro da ita, su saurari yadda giya ke shiga.