Sayen Gida da Bashi a Ingila ga Mai Karɓar Tallafin Hukuma

'Yan'uwanmu mazauna Ingila, musamman waɗanda larurar jiki ko ƙarancin albashi ya sa suke dogara da tallafin hukuma, sun sha tambaya ko mutum a wannan hali zai sami bashin banki ya sayi gidan kansa, ya huta da zaman haya. Babu dokar da ta hana, har ma akwai bankunan da suke lissafa kuɗin naƙasa na PIP da kuɗin yara cikin abin da mutum ke samu. Sai dai tun watan Afrilu na 2014, hukumar FCA ta wajabta wa mai ba da bashi ya binciki shigar mutum da fitarsa, kuma galibi ba sa wuce ninki huɗu da rabi na samun shekara.

Amma wahalar tana gaba. Yawanci banki ba ya biyan kuɗin gida dukansa, sai mai saye ya ajiye kafin alƙalami, galibi aƙalla kashi 5 cikin ɗari, wato fam 10,000 a gidan fam 200,000. Alhali kuwa ƙa'idar tallafin Universal Credit ita ce, wanda ajiyarsa ta haura fam 6,000 za a riƙa zaftare masa fam 4.35 kowane wata a kan kowace fam 250 da ta ƙaru, in kuwa ta wuce fam 16,000 a yanke tallafin ɗungurungum. Ke nan magidancin da ya ƙuntata wa iyalinsa, ya hana su sabuwar sutura da ziyarar gida, har ya tara fam 10,000 ɗin nan, zai buɗe takardar lissafinsa ya tarar kusan fam 70 sun ragu a wata. Ɓoye ajiyar kuma, ko damƙa ta ga wani ɗan'uwa ya riƙe da sunansa, ha'inci ne a addini, laifi ne a doka, ranar da asiri ya tonu sai an mayar da kuɗin.

Abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda a ganina shi ne mutane suka fi gafala da shi, hukumar da take taya ka biyan haya ba za ta taya ka biyan bashin gida ba. Ranar da ka karɓi makulli, kason haya ya tsaya. Abin da ya saura shi ne tsarin hukuma na SMI, wanda tun Afrilu na 2018 ya tashi daga kyauta ya koma rance: kuɗin ruwa kaɗai yake ragewa, ban da uwar kuɗi, a kan bashin da bai wuce fam 200,000 ba, sai kuma bayan wata uku ana karɓar Universal Credit, sannan a biya shi da nasa ruwan idan an sayar da gidan. Bashi ne bisa bashi, gidan kuwa jingina ne, in biya ya gagara banki na iya karɓe shi.

Ga Musulmi akwai kuma mas'alar riba, wadda haramcinta ba ɓoyayye ba ne. Bankuna irin su Gatehouse suna da tsarin musharaka da ijara, inda ku biyu kuke tarayya a mallakar gidan, kana biyan hayar rabonsu kana sayensa sannu a hankali, amma su ma suna neman kafin alƙalami. Akwai kuma tsarin da mutum zai sayi wani kaso na gida daga ƙungiyar gidaje ya yi hayar sauran, kuma Universal Credit na iya taimaka masa da wannan hayar, abin da ya sa ya fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka ɗauki lissafinka ka je ofishin Citizens Advice mafi kusa, su nuna maka a rubuce nawa tallafinka zai koma bayan saye; shawararsu kyauta ce.