Ƙarfen Ɗaga Kaya: Mu Gwada Shi Kafin Aiki

Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani. Tun daga nan rijiyoyin siminti suka yawaita a garakunan Mirriya, Matamai da Magarya. Zoben siminti kuwa ba ya sauka rijiya da hannu. Sai an kafa ƙarfe mai ƙafa uku a bakinta, an rataya falan, wato sarƙar ɗaga kaya. Da irinsa ne kuma makanikan Damagaram suke ciro injin mota.

Falan na masana'anta yana da lamba a jikinsa: tan 1 ko tan 2. Ƙafafun da mai walda ya haɗa mana ba su da lamba. Nan hatsarin yake.

Sau da yawa mukan ce a ƙara wa ƙafafun tsawo. Mu sani, bututun ƙarfe in ya ƙara tsawo, ƙarfinsa raguwa yake yi. Siririn bututu da aka ninka tsawonsa yana iya lanƙwashewa da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da yake ɗauka a da. Saboda haka in za a ƙara tsawo, a sake bututu mai kauri. A kuma ɗaure ƙafafun uku da sarƙa daga ƙasa, a sa katako mai faɗi ƙarƙashin kowace, don kada su zame cikin rairayi.

Ita sarƙar falan ba a yi mata walda, ba a ɗaure ta da waya. Wuta tana kashe ƙarfinta. Ƙugiyar da bakinta ya buɗe, kada a gasa ta a mayar da guduma. A yar da ita. Mun san sabuwa da tsada, amma ba ta kai kuɗin jinyar karayar baya ba.

To, yaya ake gwaji?

Ba a bakin rijiya ake yin sa ba, sai a fili mai tauri. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu bisa nauyin aiki. In zobenmu kilo 400 ne, gwajin kilo 500 ke nan. Ba sai mun nemi sikeli ba: buhun siminti kilo 50 ne, buhu 10 sun isa. Lita ɗaya ta ruwa ma kilo ɗaya ce.

A fara da rabin kayan, sannan a cika. A ɗaga a hankali, taƙi ɗaya kawai daga ƙasa, ba da fizga ba. A bar shi minti 10. Kowa ya ja da baya, musamman yara, waɗanda ba su ƙin kallo. Idan kayan yana sauka da kansa, birkin falan ya lalace. Bayan an sauke, a duba wurin walda da kyau. Tsaga ko lanƙwasa, komai ƙanƙantarta, ta hana aiki.

In ƙarfen ya ci gwaji, mu da muka yi yaƙi da jahilci mu ɗauki fenti mu rubuta a jikinsa: kilo 400, da ranar gwaji. Ba 500 ba. Duk lokacin da aka sake yi masa walda, a sake gwadawa. Ranar saukar da zobe kuma, mahaƙi ya fito daga rijiya tukuna.